Kwanson Dawowa

Sautin na fara sani kafin na san abin da ke yin sa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai a yi shiru, sai a sake. Ranar Lahadi ce da la'asar, ban daɗe da tarewa a gidan da na kama a Panyu, wata unguwa a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, ba, ina kwance a kan katifa ina fama da zafin da fanka ba ta iya masa komai. Daga ɗakin abokin zamana sautin yake fitowa. Na ce a raina, to, Allah ya haɗa ni da mai gyaran takalmi.

Ni Bakano ne, yadi da leshi nake saye a kasuwannin Liwan ina turawa gida. Abokin zaman nawa kuwa Bazazzagi ne, daga wani ƙauye da ke bakin daji can yamma da Zariya. Ya girme ni nesa ba kusa ba, dogo ne, ba ya son yawan magana, kayan famfo yake fitarwa. A wani shago a benen Tianxiu aka haɗa mu, aka ce yana neman wanda za su raba gida. Tun ranar farko muka buɗe wasan Kanawa da Zagezagi. Ni ina ce masa Yaya, shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba, Bakano kawai, wani lokacin ya ƙara da "sarkin tsoro". Ban ji haushi ba, don dai gaskiya ya faɗa.

Da sautin ya ishe ni sai na tashi na tura ƙofarsa, wadda dama a sakaye take. Yana zaune a kan tabarma ya tanƙwashe ƙafa, ga 'yar guduma a hannunsa. A dakalin tagarsa kuwa ga wasu abubuwa jere reras, jajaye-jajaye, kowanne kamar tsawon yatsa, suna ƙyalli. Ban taɓa riƙe bindiga ba, amma ko yaron goye ya gan su ya san harsasai ne.

"Innalillahi! Yaya, a ƙasar nan? Ƙasar da wuƙar yanka albasa ma sai an duba ta a tashar jirgin ƙasa? Kai in ka gaji da duniya ni ina da sauran buri!"

Bai ko ɗago ba. Ya ɗauki ɗaya ya cillo mini, na cafe kamar an ba ni garwashi.

"Shinshina, Bakano."

Na kai hanci. Ganyen shayi na ji, da ƙaurin kyandir.

Ashe gutsattsarin bututun tagulla ne da ake zubarwa a masana'antar da yake sayen kaya, yana roƙon a tattara masa a leda. Ya toshe gindin kowanne da ɗan marfi, ya dandaƙe da guduma. Baƙin ganyen shayi da ya daka shi ne albarushinsa, ƙananan koren waken nan na mutanen Sin su ne dalma. Ya zuba wannan, ya cusa takarda, ya zuba wancan, ya liƙe bakin da kakin kyandir, ya danne da gindin cokali. Ko sauro abin ba zai kashe ba. Amma yadda yake aunawa da ɗan murfin kwalba, yana riƙe numfashi, yana kawar da kyandir nesa da gwangwanin shayin, sai ka rantse in ya yi kuskure gidan zai tashi da mu.

Ya ce su gidan maharba ne tun kaka da kakanni. Sabon harsashi ba ya samuwa da sauƙi a wajensu, don haka duk wanda aka harba sai a tsince kwansonsa a dawo da shi gida a sake ɗura masa. Shi da ƙaninsa a gaban mahaifinsu suka tashi, a kan buzu, suna ɗuri tun hannunsu bai iya riƙe fartanya ba. Ya bar daji ya kama fatauci, amma hannun bai bar shi ba. In Lahadi ta yi bai yi ɗuri ba, yatsunsa ƙaiƙayi suke har ya kasa cin abinci.

"Wasu ƙwallo suke kallo, wasu hira suke a waya. Ni wannan ce hirata," in ji shi.

Na ce masa duk da haka zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ranar da aka zo duba takardunmu aka ga wannan jeri, kafin mu yi bayanin shayi mun kwana biyu a hannu. Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa ake ce mana 'yan kasuwa, ba a ce mana maza.

Sannu a hankali na saba. Har na riƙa zuwa ina zama a bakin ƙofarsa da kofin shayina, ina tsokanarsa cewa yana ɓarnatar da abin shan mutane. A irin wannan zama ne na lura da ɗaya daga cikin kwansunan. Yana can ƙarshen jerin, an ware shi daga 'yan uwansa, bakinsa a buɗe, babu komai a ciki. Duk Lahadi sababbi na ƙaruwa, shi yana nan yadda yake. Wata rana na ga ledarsa ta ƙare, sai na miƙa hannu zan ɗauko masa shi.

Ban ga lokacin da ya motsa ba. Sai dai na ji ya damƙe mini wuyan hannu, riƙon da ya bar shaida har washegari. Idonsa ya kaɗa. Tunda muke bai taɓa yi mini irin wannan kallon ba.

"Wannan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Kada ka ƙara."

Ya sake ni, sannan ya ba ni labari. A gidansu, in maharbi zai shiga daji, yakan ɗura duk kwansunansa ya bar ɗaya fanko a kan taga. Kwanson dawowa suke ce masa. Babu mai taɓa shi, ko mata ko 'ya'ya. Ranar da mai shi ya dawo, kafin ya sha ruwa, sai ya zauna ya cika shi da hannunsa, a nan ne za a yi masa sannu da zuwa.

"To wannan na waye?"

"Na ƙanina."

Ƙanin nasa ya bi maharban ƙauyensu cikin daji, suna bin sawun ɓarayin da suka kwashe mata daga gona. Wasu sun dawo, shi bai dawo ba, kuma babu wanda ya ga faɗuwarsa. Ya bar kwansonsa a tagar ɗakinsa kamar yadda aka saba. Amma ba a jima ba ƙauyen ya watse, kowa ya gudu cikin gari, aka cinna wa gidajen wuta. Tagar ma babu ita, balle abin da ke kanta. Da labarin ya iso Guangzhou sai Bazazzagi ya zaɓi bututu ɗaya ya goge shi ya tsayar a tagarsa, don kada a ce ƙaninsa ba shi da inda zai dawo.

Tausayinsa ya kama ni, amma bakina ba ya iya shiru. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, wannan ai camfi ne. Gutsuren bututu ba ya riƙe ran mutum."

"Wa ya ce maka yana riƙewa? Allah ke rayawa, Allah ke kashewa, na fi ka sani. Amma mutumin da ya san ya bar aiki rabi a gida, ko da rarrafe ne sai ya lallaɓo."

Ya ce ko a cikin kwansuna dubu zai gane ɗurin ƙaninsa. Shi da cokali yake danne kaki, mahaifinsu da gindin wuƙa, ƙanin kuwa bahago ne, da babban yatsansa na hagu yake dannewa tun kakin na da zafi. Tarko ya taɓa datse yatsan tun yana yaro, don haka kowane kaki nasa yana fitowa da zanen yatsa da layi ya raba shi biyu. Yana faɗa yana murmushi, yana shafa nasa yatsan.

Sai lokacin raɓar nan ya shigo. Wanda bai zauna a kudancin Sin ba ba zai gane ba. Ba ruwan sama ba ne, gidan ne da kansa yake gumi. Bango ya riƙa tsattsafo da ruwa, madubi ya dushe, tayil ɗin ƙasa ya jiƙe har sai ka ga sawunka a bayanka. Wanki ba ya bushewa, dadduma ta yi wari. Rana ba ta fitowa, ba ta kuma faɗuwa sosai, haske ɗaya ne fari fat tun safe har magariba. Kullum da safe kwanson nan na fanko sai ya tara ruwa a cikinsa. Bazazzagi ya zubar, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar.

Mai gidanmu wata tsohuwa ce 'yar gajeriya da ke zaune a hawan ƙasa, Mama muke ce mata. Mutuniyar kirki ce, sai dai tana da mukullin kowane ɗaki, kuma ba ta san sallama ba. Wata Lahadi ta hawo da wasu jakunkuna masu tsotse raɓa za ta rataya mana, ta ce nihau, wato sannu da yarensu, ta faɗo ɗakin Bazazzagi yana tsakiyar ɗuri. Na ce shi ke nan, asirinmu ya tonu. Ta tsaya ta ƙare wa jerin kallo. Ta ɗauki ɗaya ta girgiza a kunne, ta shinshina. Maimakon ihun da nake jira, sai fuskarta ta yi laushi, ta gyaɗa kai kamar wadda ta gane komai. Ta yi magana a wayarta, ta juyo mana da ita, wayar ta ce da Turanci: wa ya rasu?

A makon ne mutanen Sin suke shirin ziyarar kaburburan iyayensu. Al'adarsu ce su sayi kayan takarda, riga ta takarda, takalmi na takarda, har waya da mota, su ƙona, wai don su isa ga mamatansu. Ta sauka da sauri ta hawo da leda ta nuna mana rigar da ta saya wa mijinta, shuɗiya, da maɓallai da aljihu, duk takarda. Ta nuna rigar, ta nuna kwansunan. A ganinta abu ɗaya ne. Mutum ba ya zama yana ƙera abin da ba ya aiki a duniya sai don wanda ya bar ta.

Bazazzagi ya miƙe tsaye. "Meyo!" ya ce, wato babu, kalmar da muka fi ji a bakin masu shago. "Meyo, Mama! Babu wanda ya mutu!"

Ta dafa masa hannu tana lallashinsa, irin lallashin da ake yi wa wanda ya ƙi yarda da rashi. Sannan idonta ya kai kan fankon. Ta nuna shi, ta nuna gwangwanin shayi, ta yi alamar zubawa. Wayar ta ce: ba a aika musu da abu rabi, ba sa samun hutu. Ya kifa tafinsa a kan kwanson, bai ɗauke ba sai da muka ji saukarta har ƙasa.

Daga ranar gidan ya canza mini. Maƙwabta suna ƙona takardunsu a cikin garwa a bayan bene, hayaƙin ya cika matakala ya ƙi fita saboda nauyin iska. Bazazzagi ya ce warin irin na dajin da aka cinna wa wuta don farauta ne. Ya rage cin abinci. Na riƙa samunsa tsaye a taga da rana tsaka yana kallon hazo, wayarsa a hannu. Ni kuma sau da yawa ina ɗakina sai na ji ƙwas, ƙwas, in fito in tarar ba ya ma gidan. Na san bututun ruwa na tsohon bene yana irin wannan ƙara. Na sani sarai, amma ban daina fitowa dubawa ba.

Ranar Juma'a muka kulle gida muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa masallaci. Ni na murɗa mukullin da hannuna. Da safen nan na ga ya zubar da ruwan kwanson ya goge shi, ina tsaye ina jiransa ina ce masa za mu makara. Bayan an idar muka ci shinkafa a wajen wasu 'yan Maraɗi, muka kamo hanya. Muka tarar da ƙofa a kulle yadda muka bar ta. Da na buɗe, abin da ya fara dukan hancina ƙaurin kyandir ne da aka kashe bai jima ba.

Tayil ya yi gumi tun daga bakin ƙofa har cikin ɗakuna, sumul, babu sawun kowa. Bazazzagi ya wuce ni ya shiga ɗakinsa da takalminsa, abin da bai taɓa yi ba. Na bi shi. Kwanson yana inda yake, a ƙarshen jeri, amma bakinsa a liƙe da farin kaki. Ya ɗauke shi da yatsu biyu ya kai wajen haske, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini. Akwai zanen yatsa a kan kakin, kuma layi ya raba shi biyu. Na girgiza shi, waken ya amsa.

Na dire shi na sauka a guje, ina zamewa a matakala, na buga ƙofar Mama. Ta buɗe tana wanke ganye, hannayenta cikin safar roba ja har gwiwar hannu. Na nuna sama, na yi alamar mukulli, na yi alamar zubawa. Ta girgiza kai. "Meyo, meyo." Na sake tambaya da waya, ta sake cewa ba ta hau ba. Fuskarta ba ta nuna mini komai ba, ko kuwa ni ne ban iya karanta ta ba. Na tsaya ina kallon safar nan kamar in ce ta cire in ga yatsanta, amma da wane baki zan faɗa wa tsohuwa haka? A bayanta turaren tsinke yana ci a gaban hoton mijinta.

Da na koma sama na samu ya yi alwala ya zauna a kan dadduma, ya ajiye wayarsa a gabansa. Na fara cewa tsohuwar nan ce, wallahi ita ce, mai yankan ganye kullum ai ba ta rasa tabo a yatsa, raɓa kuma tana shafe sawu nan da nan.

"Zauna, Bakano. Yanzu za su kira."

Ba a kira la'asar ba wayar ta yi ƙara. Yayarsu ce, ina jin muryarta daga inda nake. Masu gawayi ne suka tsinci gawar ƙanin nasa jiya da yamma a bakin wani rafi, kusa da hanya, da alama ya kuɓuto ne yana jan jiki har ƙarfinsa ya ƙare. Da asuba aka shigo da shi gari, yanzu ana yi masa wanka. Asubar gida kuwa ita ce lokacin da muke zaune a masallaci muna sauraron huɗuba. Bazazzagi ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya yi wa yayarsa ta'aziyya da murya a daidaice, ya kashe wayar. Ni ne na yi kukan.

Mun yi zaman makoki a shagon da aka haɗa mu, Kanawa da 'yan Nijar da 'yan Gana suka yi ta zuwa. Bayan an tashi sai ya fara sallamar abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa wa wani ɗan garinsu sauran kayansa, ya sayi tikiti. Na ɗauka ta'aziyya zai je ya dawo. Lahadin ƙarshe ya zauna tun hantsi da sabuwar leda cike da bututu, ya yi ta ɗuri, ƙwas, ƙwas, bai tashi ba sai don salla. Ina bakin ƙofa ina kallo har ya rage ɗaya tal a ledar. Ya ɗauko shi, ya auna shayi.

Na ce, "Yaya, tsaya. Wannan ai naka ne. Ka bar shi a taga."

"Kai da ka ce camfi ne?"

"Na ce. Ka bar shi dai."

Ya zuba shayin, ya cusa takarda, ya zuba wake.

"Babanmu ya ce wanda ya bar fanko a gida, yana harbi yana waiwaye. Inda za ni ba a waiwaye."

A nan na gane ba kabari kaɗai zai ziyarta ba. Na roƙe shi da girman Allah, na tuna masa 'ya'yansa da marayun da aka bar masa, na ce masa shekarunsa sun wuce shiga daji, hannun da ya saba da ganyen shayi ba zai iya da albarushi ba. Na faɗi wannan ne don ya ji haushi ya yi mini faɗa, ko ma sami abin ja. Sai ya yi murmushi, ya ɗiga kakin, ya danne da gindin cokali.

"Allah ya yi maka albarka, sarkin tsoro. Ka zauna da ni lafiya."

Na raka shi filin jirgi. Da na dawo na shiga ɗakinsa, ya kwashe komai sai jerin nan a taga. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina girgizawa a kunne, ko ya tausaya mini ya bar wani. Duk suka amsa. Sai na zaɓi na ƙarshen da ya ɗura, na sa bakin mukulli na ƙwaƙule kakin, na zazzage waken da shayin a tafina, na hure cikinsa. Na tsayar da shi a gefe, nesa da 'yan uwansa. Ban san ko yana ƙirguwa in ba mai shi ne ya bari ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Washegari na sauka na roƙi Mama ta ba ni mukullinta na gidanmu. Ta dube ni, ta dubi sama, ta ciro shi daga zoben ta ba ni ba gardama. Yanzu ni kaɗai ke da hanyar shiga. Ban kuma saka kowa a ɗakin ba, duk da masu nema.

Da farko yana ɗaukar wayata, mu gaisa, ya tsokane ni. Daga baya ta koma tana ƙara ba a ɗauka, yanzu kuwa ba ta shiga gaba ɗaya. Yayarsa ta ce shi da maharban ƙauyensu sun shiga daji tun kafin girbi, ana dai ta addu'a.

Raɓa ta sake zagayowa, bango ya fara gumi, hayaƙin takarda ya cika matakala. Duk lokacin da na dawo daga Liwan nakan tsaya a bakin ƙofa in shaƙi iskar gidan tukuna, ko zan ji ƙaurin kyandir, sannan in wuce taga da takalmina. Jiya ma na duba. Ruwa ne kawai a ciki. Na zubar, na goge da gefen rigata, na mayar.